Saitin Bindiga Ba Ya Gane Saniya

Ɗan Jalingo mazaunin Agege ko Sabon Ibadan yakan sami saƙo daga gida, ƙane ko kawu maharbi yana roƙo a nemo masa saitin bindiga irin na Turai, wanda ake gani cikin duhu. Kafin a zuba kuɗi, ya kamata a san abin da za a saya.

Wahalar maharbi sananniya ce. Gada da mazo sun fi fitowa kiwo da almuru ko da asuba, daidai lokacin da ɗan ƙarfen da ke bakin bindiga yake ɓace wa ido. Tsohuwar dabara ita ce a goga masa alli ko farin fenti, ba a kashe ko sisi ba. Turawa kuwa sun ƙera iri-iri. Akwai mai zaren gilashi, wanda ke tattara hasken da ya rage a sarari, to amma da duhu ya rufa shi ma ya mutu. Akwai mai iskar tritium, wanda ke ci da kansa ba batir, sai dai haskensa yana raguwa da rabi cikin shekara 12 da 'yan watanni, watau wanda ya sayi na gwanjo yana iya sayen gawa. Sa'an nan akwai madubin hangen nesa, mai tsada, wanda ɗora shi a kan bindigar toka ɓarnar kuɗi ce, tun da ba ta cin nisa.

Amma ba nan take ba. Saiti mai haske yana nuna wa mutum inda bakin bindigarsa ya dosa ne kurum, ba ya haska abin da ke tsaye a can. Maharbin da ya ɗaura fitila a goshi idanu biyu yake gani suna ƙyalli cikin ciyawa, alhali idon saniya da na akuya su ma haka suke ƙyalli. Na ɗan Adam ba ya yi, don haka yaron da ke tsaye bayan dabbar ba a ganinsa sam.

Dajin da ke gindin tsaunukan Kona da hanyar Mutum Biyu ba kamar na dā ba ne, gonaki da rugage sun cika shi. A Taraba kuwa, inda aka yi asarar rayuka a tsaunin Mambila a 2017 kan rikicin manoma da makiyaya, saniya guda da aka harba bisa kuskure ta isa ta ta da ƙauye.

Saboda haka mai niyyar aika wani abu gida gara ya aika da tocila mai ƙarfi wadda za ta nuna jikin dabba duka, daga ƙaho har wutsiya, ya haɗa da saƙon cewa in ba a ga jikin ba kada a taɓa kunama. Ya kuma tuna wa kawu cewa Gashaka-Gumti gandun gwamnatin tarayya ne tun 1991, farauta a cikinsa laifi ce, dare ko rana.