Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: A Bar Mana Shan Inna, A Raba Mana Shawara

Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Ranka ya daɗe, na ɗauki alƙalami ne a kan wani al'amari da ake yi wa kallon ƙarami, wato sunayen da muke kiran cututtuka da su da Hausa. Likitocinmu da Turanci suka yi karatu, da shi suke rubuta kati, amma majinyacin da ke zaune a gabansu a Misau ko Gumel ko Illela da Hausa yake jin abin da ke damunsa, da ita kuma zai koma gida ya shaida wa iyalinsa. Kalmar da ya fito da ita daga ɗakin likita ita za ta yanke inda za a nufa gobe: asibiti, ko zauren wanzami, ko gindin motar mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa. Wasu na cewa a share tsofaffin sunayen nan kaf domin camfi ya yi musu yawa, wasu kuma na cewa kada a taɓa ko ɗaya domin gadon iyaye da kakanni ne. A ganina dukansu sun ɗauki mudun da bai dace ba. Abin da ya kamata a auna suna da shi guda ɗaya ne: me yake sa mai jinsa ya aikata a yau?

Bari in fara da wanda ka fi kowa saninsa. In da asali ake bi, babu sunan da ya cancanci kora kamar shan inna, domin ma'anarsa a fili take: Inna, aljanar nan da 'yan bori suka sani, ita ce ta sha ƙafar yaro har ta shanye. Amma da wannan sunan aka ci nasara. Lokacin da aka dakatar da rigakafi a Kano daga 2003 zuwa Yulin 2004, zargin da aka yi wa maganin cewa yana hana haihuwa shi ne ya kawo cikas, sunan cutar bai tare wa kowa hanya ba. Da ka karɓi ragamar hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa a 2008, aka jawo sarakuna cikin aikin ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi a 2009, hakimai da dagatai da masu unguwanni ba su ɓata lokaci wajen koya wa jama'a baƙuwar kalma ba. Sun ɗauki wadda kowace uwa ta sani, suka jingina mata rigakafi, aka yi ta maimaitawa a rediyo da masallatai da wuraren suna, har ta kai yaron yanzu in ya ji an ce shan inna, ma'aikaciya yake tunawa da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, tana ɗiga magani a baki, tana shafa tawada a ɗan yatsa, tana rubutu da alli a jikin ƙofa. Faɗin sunan ma ya yi rana, domin masu bin diddigin cutar suna son rahoton duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ko mene ne sanadi, kuma abin da Bahaushe yake kira shan inna ke nan. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, sunan kuwa yana nan daram.

Darasin da ke ciki shi ne suna mai tushe yana da haƙƙin zama, mai son a cire shi ne zai kawo hujja. Ƙyanda, sanƙarau, tarin fuka, farfaɗiya, kurkunu, tsargiya, duk a ƙyale su, kowa ya san abin da suke nufi daga Sakkwato har Damagaram. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta fitar da ƙa'ida a 2015 cewa kada a ƙara raɗa wa cuta sunan gari ko mutum ko dabba, sababbin cututtuka ta nufa, ba ta ce a koma a tone tsofaffi ba. Shi ya sa mutanen garin Lassa na jihar Borno suke ɗauke da nauyin wani zazzaɓi tun 1969. Abin da tausayi, amma sunan bai taɓa tura majinyaci inda ba a magani ba.

Shawara kuwa wannan uzuri bai rufe ta ba. A bakin Bahaushe shawara abin da ido ya gani ne: farin ido ya koma rawaya, fitsari ya yi duhu. Kai da abokan aikinka kun san wannan alama ce kawai, kuma cututtukan da ke kawo ta ba su haɗa komai ba. Akwai zazzaɓin da sauro ke yaɗawa, wanda ya sake ɓulla a Nijeriya a 2017, ya yi ɓarna a yankin Alkaleri na jiharka ta Bauchi a 2019, wanda allura ɗaya a wata tara take kare yaro daga gare shi har iyakar rayuwarsa. Akwai ciwon hanta nau'in B mai bin jini da haihuwa, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan 8 cikin kowane baligi 100 suna ɗauke da shi, akasarinsu idonsu fari tas, kuma tun ranar haihuwa ake son a fara rigakafinsa. Akwai nau'in E mai bin gurɓataccen ruwa, wanda ya addabi Diffa a Nijar da Ngala a Borno a 2017, ya fi kuma yi wa masu juna biyu illa. Akwai rawayar idon jariri a makonsa na farko, wadda in ta tsananta ba a sa shi ƙarƙashin fitilar asibiti ba takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar shi da kurumta ko naƙasa ta har abada. Ga kuma ta mai sikila. Duk waɗannan da kalma ɗaya muke kiransu, kuma ga abin da hakan ke haifarwa. Uwar da aka ce mata an yi wa ɗanta allurar shawara ta tafi da tabbacin ya tsira daga duk wani ciwon hanta. Magidancin da gwaji ya nuna yana da nau'in B, ma'aikacin lafiya ya fassara masa da shawara, sai ya ja fatar idonsa ya ce a duba, shi lafiyarsa lau, ya koma gida ba a gwada matarsa ba. Jariri ɗan kwana uku kuma kakarsa ta dube shi ta ce ai shawara ce, gidan nan kowa ya yi ta, a fitar da shi hantsi a ɗura masa jiƙo. Ba ta yi ƙarya ba, mutanen gidan sun yi wani abu mai wannan suna sun warke, sai dai ba irin nasa ba ne. Ban ce a kashe kalmar ba. A bar ta a matsayin sunan alama, amma kada sanarwar gwamnati ta sake cewa "cutar shawara" tsurarta, kowace cuta a ba ta nata sunan guda ɗaya, a tsaya a kansa.

Matsalar daji daban ce. Camfin shan inna ya mutu ya bar suna, na daji yana nan da ransa. Duk wanda ya zauna cikin Hausawa ya san maganar da ke biye da kalmar: daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Matar da ta ji ƙullutu a mamanta, maƙwabciya ta ce mata daji ne, an riga an ba ta umarni ta guji asibiti. Za a yi watanni ana shafe-shafe da turare da saiwoyi, sai ƙullutun ya fashe sannan a ɗauko ta zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika, lokacin da abin da ya rage a yi mata kaɗan ne. In ta cika bayan tiyata sai a ce ai dama an faɗa, camfin ya ƙara samun shaida. Abin da ke ƙara masa ƙarfi shi ne ana kiran mugun maruru da kumburin ƙafa da gyambon da ya ƙi warkewa duk da daji, waɗannan kuwa da yawansu suna warkewa, saboda haka mai maganin gargajiya yana da mutane na gaske da zai nuna ya ce ga waɗanda ya raba da daji. Wannan kalma ya kamata ta fita daga bakin ma'aikatarka baki ɗaya. Sankara ta fi ta, amma a rediyo tana rikicewa da sanƙarau. Kalmar kansa ce ba ta ɗauke da kaya, kuma tun da kuka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin kansar bakin mahaifa a Oktoban 2023, kuna da hanyar kai ta kowane gida.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Annobar da ta tashi a Kano a ƙarshen 2022 wata kafa ta ce mashaƙo, wata ta ce maƙarau, alhali mashaƙo a kunnen uwa ciwon maƙogwaro ne da ake sha wa citta da kanumfari, in ya matsa a kai wa wanzami ya duba belu. Ƙyandar biri ba ƙyanda ba ce, 'yar'uwar agana ce, kuma ɓeraye da danginsu aka fi zargi da ɗaukarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya mata suna zuwa mpox tun 28 ga Nuwamba 2022, mu muna nan a kan tsohon. Ƙanjamau kuma hoton ramammen mutum ne na zamanin da babu magani. Yau mai shan maganinsa a kan kari ga shi nan ɓul-ɓul yana harkokinsa, sunan yana kunyata shi, yana kuma ba wa mai ƙiba hujjar ƙin gwaji kafin aure. A 2017 wasu masana ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan sun ba da shawarar a kira ƙwayar karya-garkuwa, a bar ƙanjamau ga matakin ƙarshe na ciwon. Magana ce mai ma'ana, amma har gobe ana jin "masu ƙanjamau" a labarai ana nufin kowa da kowa.

Za a ce harshe ba ya jin doka, jama'a abin da suka ga dama za su faɗa. Gaskiya ne ba a kama mutum don ya ce daji. Amma kakanninmu ba su gaji hawan jini ba, ko zazzaɓin cizon sauro, ko garkuwar jiki. Masu fassara da ma'aikatan asibiti da gidajen rediyo ne suka yi ta nanata su har suka zama 'yan gida, kuma dubi aikin da zazzaɓin cizon sauro yake yi: duk wanda ya furta shi ya ambaci dalilin rataya gidan sauro. Abin da ake nema shi ne masu magana da yawun hukuma su daidaita bakinsu, sauran lokaci ne zai yi. Masu tsoron ruɗani a tsakani su dubi yadda aka yi da mpox, inda aka ba da shekara guda ana ambaton sunayen biyu tare kafin a saki tsohon.

Za a kuma ce tsangwama tana bin cuta duk sunan da aka ba ta. Akwai gaskiya a nan, shi ya sa ban nemi a sauya kuturta ko farfaɗiya don a sanyaya rai ba. Wayar da kai suke buƙata. Amma inda sunan da kansa yake faɗin abin da ba haka ba, gyaransa yana da tasirin da ake iya ƙirgawa. A 2002 likitocin ƙwaƙwalwa na Japan, bisa roƙon iyalan majinyata, sun sauya sunan wata cutar taɓin hankali daga kalmar da ke nufin tsagewar hankali zuwa wadda ke nufin rashin daidaituwar tunani. Cikin shekara uku, majinyatan da ake iya gaya wa sunan ciwonsu suka tashi daga kusan kashi 37 cikin 100 zuwa kusan 70.

Masu kishin harshe kuma za su yi zafi a kan kalmomin kansa da sikila da korona. Ina tare da su a kishin, amma Hausa ta daɗe tana aro, asibiti da likita da allura ma baƙi ne da suka zauna. Kalmar aro da ke kai mutum wurin magani ta fi ta gida da ke hana shi zuwa. Sai dai aron ma ba ya tsare kansa: taifot ta shigo da ma'ana ɗaya, yau duk zazzaɓin da ya wuce kwana uku sunansa ke nan, ana ta sayen ƙwayoyi a kemis babu gwaji. Ke nan aikin yana son mai kula da shi a kai a kai.

Ranka ya daɗe, ga roƙona. Ka kafa kwamiti na dindindin a ƙarƙashin ofishinka, ka haɗa hukumar da ka taɓa shugabanta da NCDC da NAFDAC, da masana Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da masu fassarar labarai, da nas-nas da ungozomomin da kullum suke gaban majinyata. Masana harshen sun san aikin, tun 1990 suka fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin fanninsu. A gayyato 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, domin cuta da rediyo duk suna ƙetare iyaka, kuma abin da muke kira ƙanjamau su sida suka sani. Kada a amince da kowane suna a ɗakin taro sai an kai shi layin awon ciki da bakin kasuwa an tambayi mutane abin da suka fahimta da inda za su nufa in an ce suna da shi. Jerin ya zama gajere, a raba shi kyauta, a sa shi cikin karatun makarantun koyon aikin jinya da na kiwon lafiya, a kuma ɗaure duk sanarwar da ta fito da tambarin gwamnati da shi. In ba za a iya duka a lokaci ɗaya ba, don Allah a fara da shawara da daji kafin zagayen rigakafi na gaba.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.