Kafin Ka Ƙone Tsofaffin Katunan Nan, Kira Ƙannenka

Je ka buɗe durowar ɗakin Umma ka gani. Katunan ɗaurin aure ne jibge, da na walima, da na barka da Sallah, wasu ma amaren har sun haifi 'ya'ya uku. Ƙarshensu dai bola ko wuta. Ni kuwa ina ganin asara muke yi, domin katunan nan za su iya raba ƙannenmu da waya na tsawon yini guda.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yaro na damunka, sai ka miƙa masa waya ya yi ta kallon TikTok don ka huta. Ni ma haka nake yi, har zuwa hutun da ya wuce, da na zauna da ƙannena biyu muka mayar da tsofaffin katuna sabuwar takarda.

Aikin ba wuya. Da farko ka ware duk katin da ke ɗauke da aya ko sunan Allah, ka ajiye gefe. Sauran ka ɓare ledar jikinsu da zare da ƙyalƙyali, ka bar yara su yayyaga su ƙanana. A jiƙa a ruwa su kwana. Washegari a markaɗa a tsohuwar blanda, in babu wuta a kirɓa a turmi, har ya yi kamar kunu. A juye a baho, a ƙara ruwa da yawa. Sai a ɗaura guntun gidan sauro a jikin firam na katako, a tsoma, a ɗago a hankali. A kife a kan tsohon zani, a danne da soso ruwan ya fita, a shanya. Ɗan sitaci a cikin ruwan yana rage bajewar tawada, kurkum kuma yana ba da launin rawaya.

Kusan haka Cai Lun ya yi a ƙasar Sin wajen shekara ta 105, da tsummoki da ɓawon itace da tsofaffin ragar kamun kifi.

Za ka ce wannan ba zai kwashe sharar da ta toshe mana magudanan ruwa ba. Gaskiyarka. Takardarmu ta farko ma kauri ta yi kamar gurasa. Amma ƙanwata da ta jira kwana biyu kafin ta samu falle ɗaya, yanzu ba ta yagar littafinta don yin jirgin sama. Ta san wahalar da ke cikin takarda. Wa'azin da na daɗe ina yi mata bai shiga ba, sai da hannunta ya taɓa.

Asabar mai zuwa, ajiye wayar na awa biyu, ka zauna da su a tsakar gida. In takardar ta bushe, ka ba su biro su rubuta wa Umma katin gaisuwa da kansu. Hoton da za ka ɗora a shafinka zai iya jira sai an gama.