Daga motar kara zuwa jirgin katako

Duk wanda ya ratsa unguwar Zariya ta Maraɗi bayan girbi zai tarar da yara durƙushe a gindin katanga, suna fere karan dawa da reza, suna haɗa mota har da ƙafafu da mazaunin direba. Haka abin yake a Tibiri da Jiratawa. Manya kan wuce ba su ko waiwaya, domin a ganinsu wasa ne. Amma da irin wannan hannu ne wasu suke cin abinci a wata ƙasa.

A tsibirin Moris, cikin tekun Indiya, akwai masassaƙan da ba su da wata sana'a sai ƙera ƙananan jiragen ruwa na katako, kwaikwayon manyan jirage masu filafilai na zamanin da. Suna yin Victory, wanda Nelson na Ingila ya yi yaƙin Tarafalga a cikinsa a 1805, da Saint-Géran na Faransa da ya nutse a gaɓar tsibirin a 1744. Baƙi masu yawon buɗe ido ke saye, su bar kuɗinsu a can.

Aikin na lissafi ne kafin ya zama na zarto. Da farko sai a samu zanen jirgin, a rage kowane awo da ƙima ɗaya: in an zaɓi ɗaya bisa 50, jirgi mai tsawon mita 50 zai dawo mita guda, katako mai faɗin santimita 25 kuma ya dawo milimita 5. Daga nan a sassaƙa ƙashin baya, a jera haƙarƙari a kansa, sannan a shiga lulluɓe su da siraran katakai ɗaya bayan ɗaya. A nan ne mai gaggawa ke kunyata. Busasshen katako ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Dole a jiƙa shi cikin ruwan zafi, a ɗaure shi ya bushe a kan siffar da ake so, kuma abin da aka liƙa a dama a liƙa ɗan'uwansa a hagu, in ba haka ba jirgin ya murɗe. Igiyoyi da filafilai kaɗai na iya cinye makonni.

To, ina ruwan Maraɗi da jirgin Nelson, garin da gulbinsa ma ba ya gudu sai da damina? Gaskiya ne, kafintan Zariya ba zai ja da mutanen Moris a kan jiragen Turawa ba, bai kamata ma ya gwada ba. Yankin nan yana da nasa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau a Nijeriya, ya ci karo da kwalekwalen da bincike ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Tsawonsa mita 8.4, kuma a 1994 aka tono shi. A awon ɗaya bisa 10, santimita 84 ke nan, daidai teburin ofis. Ga jiragen masunta na Gaya da Ayoru a kan kogin Kwara, ga na ciyawa da Buduma ke ɗaurawa a tabkin Cadi. Maƙeran waɗannan ba su aiki da takarda, awon yana cikin kansu, kuma duk tsohon da ya kwanta dama da nasa yake tafiya.

Abin da ya rage shi ne mai haɗa hannu da lissafi. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa tana nan cikin gari, ɗalibanta sun san zane da awo. Guntayen katako kuwa ga su zube a rumfunan kafintoci, ƙarshensu murhu. Alhazan Maraɗi da ke cika faloli da kayan ado na Dubai, da shugabannin ma'aikatu masu neman tsarabar da za su miƙa wa baƙo, su ne ya kamata su fara ba da odar jirgi na farko, su biya kuɗin wata uku na aiki ba tare da sun taya shi kamar kujerar tsugunno ba.