Ilimi da Zaman Duniya: Dashe sai ya yi yaushi kafin ya kama

Lokacin kaka, sa'ad da manoma ke ɗaurin damman hatsi, shi ne lokacin buɗe makarantu. Wajen watan Oktoba samari da ƴan mata na ƙasar Nijar suna ɗaukar kayansu su tafi karatu ƙasashen waje. Cikinsu akwai ɗiyan manoma da ɗiyan makiyaya waɗanda suka ci jarrabawar bak. Wasu suna koyon aikin likita, wasu aikin gona. Wasu kuma makarantar kasuwanci suke shiga, inda ake koyon riƙon dukiya da tafiyar da kamfani, ko banki, ko ƙungiya.

Akwai irin wannan makaranta a Dakar, babban birnin Senegal. Sunanta CESAG, an kafa ta a 1985, tana ƙarƙashin BCEAO, babban bankin da ke fiddo kuɗin sefa. Akwai wata a Kazablanka ta ƙasar Maroko, sunanta ISCAE, tun 1971. A Faransa akwai HEC, wadda ta girme su duka, tun 1881.

Mutanen gari sukan ce wanda ya tafi can ya huta, ya shiga daula. Ba haka abin yake ba. Watanni uku ko huɗu na farko su ne mafi wuya, kuma ya kamata uwaye su san abin da ɗansu ke fama da shi.

A ɗauki misalin yaron da ya sauka Dakar. Kuɗin da ke aljihunsa sefa ne, irin na gida, amma ba ya sayen abin da yake saye a Maraɗi ko Tawa. Hayar ɗaki tana da tsada, sai su biyu ko uku su haɗu bisa ɗaki guda. A kasuwa da cikin mota harshen Wolof ake yi, shi ko ba ya jin ko gaisuwa. Abincin rana shinkafa da kifin teku ne. Wanda ya tashi da fura da tuwon hatsi sai cikinsa ya daɗe bai saba ba. Teku ya kewaye birnin ta gefe uku, iska mai laima tana busowa, ba irin ta gida ba. Ko agogo bai yi daidai ba: in ƙarfe 8 ta yi a Yamai, ƙarfe 7 ce a Dakar. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa.

Wahalar waje ke nan. Ta cikin aji ta fi ta ciwo.

Yaron nan shi ne na ɗaya a makarantar garinsu. Ya saba a yabe shi. Yanzu ga shi tsakanin ɗiyan Kodibuwa da Togo da Benin da Mali, kowane na ɗaya ne a garinsu. Wasu sun tashi da kwamfuta cikin gida, wasu suna jin Ingilishi, wasu har sun taɓa aikin banki. Faransancinsu yana gudu kamar ruwa. Shi kuma sai ya ga bakinsa ya yi nauyi.

Koyarwar ma daban take. A ƙananan makarantu mushe ya faɗi, yaro ya rubuta, ya hardace. A makarantar kasuwanci sau da yawa labarin wani kamfani ake ba ɗalibai, a ce kowa ya faɗi abin da zai yi in shi ne mai dukiyar. Makarantar kasuwanci ta Harvard, a Amurka, wadda aka kafa a 1908, ita ta yi suna da wannan hanya. Dole ɗalibi ya yi magana gaban jama'a, wani ya ƙi ra'ayinsa, shi kuma ya kare kansa. Har malami ana iya yi wa gardama cikin ladabi. Ga yaron da aka hora da sunkuyar da kai gaban babba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga irin tambayar da ake yi, a bisa misali. Wani ɗan kasuwa ya sayi albasa buhu 100 a Galmi, kowane jika 10. Ya kai Abijan ya sayar da buhu jika 15. Nawa ya ci riba? Mai gaggawa zai ce jika 500. To amma kuɗin mota ya ci jika 200, dako da haraji sun ci jika 100, buhu 10 kuma sun ruɓe bisa hanya. Buhu 90 ya sayar, ya karɓi jika 1350. Abin da ya kashe jika 1300 ne. Ribarsa jika 50 kaɗai. Ran da ɗalibi ya ba da amsar gaggawa aji ya yi dariya, daren nan ba ya barci. Nan ne wasu ke cewa a ransu: wannan wuri ba nawa ba ne, gara in koma gida.

Mai noman rani ya san maganar. In an cire irin albasa daga inda aka rene shi aka dasa, kwanakin farko sai ya kwanta, ya yi yaushi kamar zai mutu. Ba mutuwa ba ce, saiwa ce ke neman ƙasa. Wanda ya tuge shi don ya duba, shi ya kashe shi. Wanda ya ci gaba da ban ruwa, zai ga ya miƙe.

Haka ɗalibi yake. Cikin wannan ƙunci ne yake koyon abin da bai koya a gida ba. Yana koyon cewa «ban gane ba» ba tare da kunya ba, don matambayi ba ya ɓata. Yana koyon aiki cikin ƙungiya da wanda ba harshensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba. Yana koyon raba kuɗin wata: na haya, na abinci, na takardu. Sannu a hankali kuma sai ya gane yana da abin da wasu ba su da shi. Ya san yadda farashin tiyar hatsi ke faɗuwa da kaka ya hau da damana. Ya san dillali, ya san bashi, ya san adashi. Abin da wasu ke karantawa cikin littafi, shi ya gan shi ran kasuwa. Lissafin da yake koyo ma ba zai ɓata ba, don Nijar da Senegal suna cikin ƙasashe 17 na yarjejeniyar OHADA ta 1993, dokar rubuta lissafin kamfani iri ɗaya ce gare su.

Masu zuwa ajin yaƙi da jahilci sun ɗanɗana irin wannan. Magidanci mai furfura ya riƙe alli hannunsa na rawa, yara suna leƙe ta taga. Wanda ya jure watan farko, yau shi ke karanta jarida, shi ke rubuta littafin ƙungiyar manoma.

To, mene ne aikin uwaye? Na farko, kada a nemi kuɗi wurin ɗalibi. Abin da ke hannunsa da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗi ba. Na biyu, in ya kira yana kukan wuya, kada a ce masa rago, kada kuma a ce ya dawo. A saurare shi, a ba shi haƙuri, a ce ya nemi ƴan ƙasarsu da suka riga shi zuwa. In wahalar ta kai shi ga barin abinci da barci kwana da kwanaki, ya je ya ga likita. Na uku, in an samu mai tafiya, a aika masa kilishi ko cuku ko ƙuli-ƙuli, tare da wasiƙa ko da layi biyu ce. Uban da ya rubuta ta da hannunsa ya aika abin da ya fi kilishi.

Ƙungiyoyin manoma da bankunan hatsi suna bukatar masu iya lissafi na gaskiya. Waɗannan yara su ne za su riƙe littattafan gobe. A ba su lokaci su kama ƙasa.

Allah ya ba su juriya, ya maido su lafiya. Sai wata mai zuwa.