Yaren Kwamfuta na Sha'awa da na Gwaji: Wanne Ya Kamata Mu Kama?



Duk manhajar da ke cikin waya ko kwamfuta, da wani yare aka rubuta ta. Yaren kwamfuta shi ne kalmomi da dokokin da mutum yake amfani da su ya ba na'ura umarni. Da yawa daga cikinmu muna zaton manyan kamfanoni ne kaɗai ke ƙirƙirar irin waɗannan yaruka. Ba haka ba ne. Wasu don sha'awa aka yi su, wasu kuma don gwaji, kuma akwai bambanci tsakanin biyun.

Mai yin yare don sha'awa yana neman abin da zai sauƙaƙa masa aiki ne. Misali shi ne Python. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ya fara shi a hutun Kirsimeti na shekarar 1989, don ya sami abin yi. Ya fitar da shi ga jama'a a 1991. Ko sunan ma ba daga maciji ya samo shi ba, daga wani shirin barkwanci na Ingila ne. Yau Python yana cikin yarukan da aka fi amfani da su a duniya, har Instagram na aiki da shi. Lallai da yayyafi kogi kan cika.

Shi kuwa mai yin yare don gwaji, tambaya yake son amsawa: shin abu kaza zai yiwu? Akwai Whitespace da aka fitar a 2003, wanda ba a amfani da harafi ko lamba a cikinsa, sai gurbin da ake bari tsakanin kalmomi da layuka. In ka buɗe shirin, fili kawai za ka gani. Akwai Piet, wanda da launuka ake rubuta shi, shirin ya fito kamar zane. Akwai kuma Qalb na Ramsey Nasser, wanda gaba ɗayansa da haruffan Larabci ake rubuta shi. Babu mai gina manhajar banki da waɗannan, kuma masu su ma ba don haka suka yi su ba.

To wanne ya fi? A ra'ayina, in maganar koyo ce, mu kama irin su Python. Lokacinmu a ɗakin kwamfuta kaɗan ne, kwamfutocin ba su ishe mu ba, ga matsalar wuta. Bai kamata mu ƙarar da wannan ɗan lokaci kan yaren da ba za mu yi aiki da shi ba. 'Yan aji ɗaya za su iya farawa da Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, inda ake jera umarni kamar tubali.

Amma kada mu raina na gwaji. Darasin da suke koyarwa babba ne: yaren kwamfuta ba daga sama ya faɗo ba, mutane ne suka zauna suka tsara shi. Qalb ya nuna yadda kayan aikin kwamfuta da yawa ke rikicewa da zarar an bar haruffan Turanci. A nan Najeriya ma an yi Yorlang, mai umarni da Yarbanci. Me zai hana wata rana a sami mai cewa "idan", "maimaita" da "rubuta"? Wani zai ce Turanci ya wadatar. Gaskiya ne dole mu iya shi, amma ƙanenmu da ke firamare zai fi saurin gane "maimaita sau biyar" da yaren da yake ji a gida.

Roƙona ga malamanmu na kwamfuta shi ne, a ware mana ko da darasi ɗaya a zango mu gwada tsara ƙaramin yare namu, ko a takarda ne. Ku kuma 'yan'uwa, in kun ga wani yana irin wannan a lokacin hutu, kada ku ce ɓata lokaci yake yi. Python ma a hutu aka fara shi.

Daga ɗalibin aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.