Jakar Farauta: Ƙaramar Ta Fi



Da an gama girbi, hunturu ya buso, matasa kan fara shirin farauta. Da yawansu sai su shiga 'yan gwanjo su sayo ƙatuwar jakar goyo mai aljihu goma. A ganina wannan asarar kuɗi ce.

Farautar yini tafiyar ƙasa ce, daga asuba har la'asar. Ruwa lita biyu kaɗai kilo biyu ne. Ƙara wuƙa, ashana, igiya, tocila, dabino da ƙuli-ƙuli, kaya sun cika. Duk aljihun da ya rage sai ka nemi tarkacen cusa masa, kafin azahar kafaɗa ta gaya maka.

Dubi burgamin mafarautan da, na fatar akuya: baki ɗaya, ba ya ƙara, ƙaya ba ta yaga shi. Abin da za ka nema a jakar zamani ke nan. Yadi mai kauri da zai jure sarƙaƙiya, maratayi biyu masu faɗi don hannuwanka su samu sakewa, launin ƙasa-ƙasa. Ka guji mai ƙarar leda, domin zomo ya fi ka kunne.

Mai launin kakin soja kuwa, bar ta a kasuwa. A wannan zamani na rashin tsaro, tana iya jawo maka tuhuma a shingen bincike.

Wani zai ce, ina za a sa nama? Naɗe buhu ɗaya ka jefa ciki, ya wadatar.

Allah Ya tsare.