Koyon sana'a ta intanet: rezo ya fara isowa, saura harshe

Tun zamanin korona, a 2020, kafofi irin su Coursera suka buɗe wa ma'aikatan duniya darussa ta intanet. A 2023 Najeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da mutum miliyan 3. To, ina rabon matasan Ƙonni, Malbaza da Illela?

Buƙata dai akwai ta. Masana'antar simintin Malbaza ba ta tafiya sai da masu gyaran injuna, manoman albasar Galmi na neman dabarun ajiya, 'yan ci-ranin Illela kuwa da dama kan isa Abijan ba takardar sana'a.

Matsalar rezo ta fara sauƙi da zuwan Starlink Nijar a 2025, ko da yake kuɗinsa ba na kowa ba ne. Babban cikas shi ne harshe: akasarin darussan da Faransanci ko Ingilishi suke, alhali a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Muddin Jami'ar Tawa da asusun FAFPA ba su shirya darussan murya da bidiyo da Hausa ba, waɗanda salula za ta ɗauka, a kuma ba da takardar shaida, 'yan boko kaɗai za su ci moriyar abin.